Dalma Ɗaya a Bindiga Mai Sulɓin Ciki: Ina Iyakar Saitinta?

A ƙarshen shekarar 1861 wani Bature ɗan Ingila mai suna Samuel Baker ya shiga kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, yana neman mutanen da za su raka shi farauta a gaɓar kogin Setit. Waɗanda ya ɗauka aiki Takarir ne, mutanen yamma da hanyar Makka ta kawo su wannan yanki suka zauna, har suka riƙe sarautar Gallabat a kan iyakar Habasha. Cikin kayansa akwai wata jibgegiyar bindiga ƙirar kamfanin Holland na Landan, nauyinta kilo 9, tana jefa harsashi mai nauyin rabin laba, kusan giram 227. Baker da kansa ya rubuta cewa tsoron harba ta yake yi, don takan juya shi a tsaye. Idan kuma ya ba yaransa su harba, mutum biyu ke faɗuwa rigingine: mai harbin da wanda ya tokare masa baya.

A wannan daji kuma ya tarar da Larabawan Hamran, waɗanda ke farautar giwa a kan doki da takobi tsirara. Ɗaya ya ja hankalinta, ɗaya ya diro ta baya ya sare mata jijiyar ƙafa. Makaminsu ba ya kai nesa, sun san haka, saboda haka suka ƙware wajen matsowa kusa.

Giwayen Setit sun ragu ƙwarai. Tun daga tsakiyar shekarun 1940, da aka fara noman tarakta a Gadambaliya, baƙar lakar Gadarif ta koma gonakin dawa da riɗi iyakar ganin ido, kuma Hausawa da dama, waɗanda kakanninsu suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ko a kan hanyar hajji, suna cikin masu noma ta. Manyan namun daji da suka rage sun takure a gandun Dinder da aka keɓe a 1935, inda doka ta hana farauta. Amma bindiga mai sulɓin ciki tana nan daram, daga ta kartush mai baki ɗaya ko biyu a Sudan zuwa harba-ka-ruga ta maharban Katsina da Maraɗi. Kuma har gobe, idan gadu ko kura ta addabi mai gona, dabararsa ɗaya ce: ya bar barbaɗin ƙananan harsasai na tsuntsu, ya ɗura dunƙulalliyar dalma guda. Nan ne gardama take farawa a majalisar maharba. Kowa yana rantsuwa da nasa ɗurin, ba safai ake samun wanda ya taɓa auna shi ba.

Matsalar a cikin bututun take. Bindigar soja tana da wasu layuka da aka sassaƙa a murɗe a cikinta, su ne ke juya harsashi a kan tsayinsa ya tafi sak. Mai sulɓin ciki ba ta da su. Dunƙulen dalma dole ya ɗan fi bututun ƙanƙanta kafin ya shiga, don haka idan albarushi ya tashi sai ya fito yana gogar gefe, wani lokaci dama, wani lokaci hagu, ya bar bakin bindiga yana juyawa ta inda ba wanda ya zaɓa masa. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Benjamin Robins, wanda ya wallafa littafinsa kan harbi a 1742, shi ya fara tabbatar da wannan da gwaji. Ya jera labulen takarda ɗaya bayan ɗaya ya harba ta cikinsu, ya ga ramukan ba sa kan layi miƙaƙƙe. Har ya lanƙwasa bakin wata bindiga zuwa hagu da gangan, dalmar ta fita ta yi hagu, sannan ta karkato dama, saboda gogar gefen da ta yi ta sa mata juyi. Bayan shekara ɗari da goma, a 1852, Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayanin yadda iska ke ture abu mai juyawa gefe guda. Maharbin da ya ce an yi wa bindigarsa baki, sau da yawa wannan ne ya same shi.

Maƙeran Turai da Amurka sun nemi magani ba tare da taɓa bututun ba. A 1898 Wilhelm Brenneke na Jamus ya ƙera dalma mai toshiya manne a bayanta. A 1931 Karl Foster na Amurka ya fito da mai kwarmin gindi, nauyinta duk a gaba. Hikimar ita ce ta kibiyar maharbanmu: ƙarfe a kai, kyauro a baya, mai nauyi ya ja gaba, marar nauyi ya bi. Mutane da yawa suna zaton tsagin da ke jikin waɗannan harsasai shi ke juya su. Juyin da yake bayarwa kaɗan ne. Babban amfaninsa shi ne dalmar ta samu wurin matsewa idan bakin bindigar tsukakke ne.

Ko da wannan gyara, iyaka tana nan. Harsashin kamfani mai kyau, a bindigar da ta karɓe shi, yakan tara harbi biyar a faɗin tafin hannu daga mita 50. Daga nan abin sai ya fara watsewa, gudun dalmar ya ragu da sauri don faɗin gabanta, kafin mita 100 ta fara sunkuyawa ƙasa. Dalmar da aka zuba da hannu, wadda nauyin kowace ya bambanta da na 'yar'uwarta, wata ma da kumfar iska a ciki, ba ta kai wannan matsayi ba.

Sai batun shuri, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Akwai maharban da ke ɗaukar ciwon kafaɗa a matsayin shaidar ƙarfin bindiga. Lissafin ba ya goyon bayansu. Abin da ya tura dalma gaba shi ne ya tura bindiga baya, kamar yadda Newton ya kafa tun 1687. Ɗauki bindiga mai lamba 12, wadda faɗin bututunta milimita 18.5 ne, nauyinta kilo 3.2. Idan ta jefa dalma mai giram 28 da gudun mita 480 a sakan, ita kanta za ta yo baya da gudun fiye da mita 4 a sakan, ba a ma sa turin hayaƙi a lissafi ba. Ƙara nauyin dalmar zuwa giram 36 a kan wannan gudun, bugun da kafaɗa za ta sha zai ƙaru da kusan kashi 65 cikin ɗari. Saiti kuwa ba ya ƙaruwa da komai. Ragewa ma yake yi, domin jikin da ya sha bugu sau uku yakan fara kare kansa: ido ya ƙifta, kafaɗa ta zabura, yatsa ya fizgi kunama tun kafin ƙara ta fito. Mai harbin ba ya jin ya yi haka, sai wanda ke tsaye a gefensa ne ke gani. Bindigar Baker ta ninka nauyin wannan mai kilo 3.2 kusan sau uku, amma harsashinta ya ninka dalma mai giram 28 sau takwas, shi ya sa take kayar da ƙarti.

Gwajin da masu wannan fanni ke yi ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ana kafa faffaɗar takarda a gaban tudun ƙasa da zai tare dalma, a auna tazara da ma'auni, ba da taku ba. A ɗora bindiga a kan buhun yashi don a cire rawar hannu daga lissafi. A yi harbi biyar da ɗuri iri ɗaya, ana bara a wuri ɗaya, sannan a auna tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna. Harbi ɗaya da ya dace ba hujja ba ne. A kuma dubi siffar ramin: idan zagaye ne, dalmar ta iso da kanta a gaba, idan dogo ne, tana tuntsurawa a iska. Gani ya kori ji.

Abin da gwajin takarda ba ya nunawa shi ne matsin da ke cikin bututu, kuma shi ne mai kisa. Dalilin da ya sa aka kafa gidajen jarraba bindiga a Landan a 1637 da Birmingham a 1813 ke nan: ba a sayar da bututu sai an harba shi da ɗuri fiye da ƙima an buga masa hatimi. Bindigar maƙera ba ta bi ta wannan ƙofa ba. Zuba mata garin kartush na zamani a madadin baƙin albarushi, ko cusa ƙwallon ƙarfe a tsukakken baki, hanya ce ta rasa yatsu ko ido, kuma akwai masu irin wannan tabo a garuruwan maharba. Ita ma narkar da dalma a tsakar gida, kusa da murhu da yara, guba ce. Zamfara ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar ma'adinin zinariya mai ɗauke da ita ta kashe yara aƙalla 400. Doka ma ba ta bar abin sakaka ba: a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar ɗuri ta baki, Sudan ma tana da dokarta ta lasisi.

Ƙasar Gadarif shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba dutse a mafi yawanta. Dalmar da ta kuskure gadu a mita 80 ba ta tsayawa nan, tana iya tafiya ɗaruruwan mitoci, kuma a lokacin kaka gonakin cike suke da masu yankan riɗi da dawa waɗanda karan ya ɓoye. Idan kuwa ta sami gadun a cinya ko a ciki, dabba ce aka bari ta je ta mutu a wahale, abin da addininmu ya hana.

Kirana ga sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba, a Sudan da ƙasar Hausa, shi ne su ware rana guda kafin fita farautar rani, da sanin hukuma. Kowane mai lasisi ya harba biyar a mita 25, biyar a mita 50. Tazarar da ramukansa suka daina taruwa a faɗin tafin hannu, nan ne iyakarsa, kada ya ɗaga bindiga a kan abin da ya wuce ta.