Makiyayi Ko Manaja? Yadda Ake Riƙe Kowane Zubin Kaji Da Kifi



Yawancin waɗanda suka bar kiwon kaji bayan zubi ɗaya ko biyu, ba cuta ce ta kore su ba. Kuɗin abinci ne ya yanke musu a mako na biyar, ko kuma kajin suka isa sayarwa babu mai saye a ƙasa. Mutum ya iya shara, ya iya ba da ruwa da magani, amma bai taɓa zama ya tsara aikin daga ranar farko zuwa ranar da kuɗi zai dawo aljihunsa ba.

A manyan kamfanoni wannan tsarawar sana'a ce mai zaman kanta. Akwai wanda ake ɗauka musamman don ya riƙe aiki guda, kamar ginin gada ko asibiti, ya kai shi ƙarshe a kan lokaci kuma cikin kuɗin da aka ware. Har ƙungiya gare su, PMI, wadda aka kafa a Amurka a 1969. Abin da suke kira aiki shi ne duk abin da ke da ranar farawa, ranar gamawa, da kasafin kuɗi. To ai zubin buroila ɗari ma haka yake. Tarwada dubu a tankin tamfol ma haka. Bambancin kawai, gada ba ta mutuwa idan an yi latti, kaza kuwa tana yi.

Abu na farko da manaja ke koya shi ne lissafi daga ƙarshe zuwa farko. A ce ƙaramar Sallah kake hari. Kasuwar kaji tana fara motsi kamar mako guda kafin Sallah, buroila kuma tana son mako shida zuwa bakwai kafin ta yi nauyin da za a saya ba gardama. Ka ga ke nan 'yan tsakinka su shigo ɗaki tun farkon Sha'aban. Kafin nan sai an wanke ɗakin, an yi feshi, an bar shi ya huta kamar mako biyu, an kuma biya kuɗin 'yan tsaki wajen dila da wuri, don yawancinsu daga kudu ake ɗauko su, kuma gab da bukukuwa layi yakan yi tsawo, farashi ya hau. Wato aikin Sallah a Rajab yake farawa. Wanda sai da aka ga watan azumi ya tuna da kiwo, jirgi ya riga ya bar shi.

Kada kuma a manta Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Tsarin da ya yi maka aiki lokacin hunturu, inda damuwarka gawayin ɗumama 'yan tsaki ce, ba zai yi ba idan makonnin ƙarshe suka faɗo a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da manyan buroila ke faɗuwa da rana tsaka. A nan rage yawan kaji a ɗaki ya fi a cika shi.

Wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, ya shahara tun wajen shekarun 1910 da wani jadawali mai sauƙi: ayyuka a jere a gefe, kwanaki a sama, a ja layi a gaban kowane aiki. Har gobe da shi ake amfani. Kai ma kwali ɗaya da biro sun ishe ka. Rubuta ranar Gumboro, ranar Lasota kamar yadda likitan dabbobi ya tsara maka, ranar sauya sitata zuwa finisha, ranar daina ba da magani kafin sayarwa. Ka manna a ƙofar ɗakin kaji, ba a cikin waya ba, yadda ko ba ka nan yaronka zai gani.

Sai kuɗi, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe. Buroila ɗaya tana cin wajen kilo huɗu da rabi kafin ta kai mako shida zuwa bakwai. Kaji ɗari ke nan kilo 450, buhu 18 mai kilo 25. Inda tarkon yake: a makon farko gaba ɗaya ba za su ƙarar da buhu ɗaya ba, sai mutum ya ce ashe abin da sauƙi. A makon ƙarshe kuwa kusan buhu guda suke tashi da shi kullum. Saboda haka idan kajinka suka ƙara kwana goma kana neman mai saye, ka ƙara kusan buhu takwas a kan lissafinka, kuma babu wanda zai biya ka su. Tarwada ma haka take. Kifi dubu da kake so kowanne ya kai kilo zai ci tan guda ko fiye cikin wata biyar zuwa shida, wato buhu 70 ko sama da haka mai kilo 15, mafi yawansa a watannin ƙarshe.

A ganina, duk wanda kuɗinsa na kaji ɗari ne cif-cif, ya zuba saba'in. Ragowar ya ajiye don ranar da buhu zai ƙara kuɗi ko cuta ta leƙo. Kaji saba'in da suka ƙoshi sun fi ɗari da aka ƙarasa da dusa.

Wannan duk lissafi ne, ana koyonsa a zubi biyu ko uku. Wanda ya fi wuya shi ne mutane, kuma nan ne mutum kansa yake girma. Akwai yaron da ke taya ka: idan kullum faɗa kake masa in kaza ta mutu, wallahi zai fara ɓoye gawar, kai kuma sai cuta ta ci rabin ɗaki kafin ka sani. Ka sa ya gane cewa kawo labari da wuri shi ne aikinsa. Akwai yayanka ko gwaggonka da ta sa kuɗinta a cikin zubin. Ranar da aka yi asara, ranar za ta ji, da adadi, ba sai ranar rabon riba ba. Mutane sukan yafe asara, amma da wuya su yafe ɓoye-ɓoye. Akwai kuma maƙwabci da abokin da za su zo ɗaukar kaza "zuwa ƙarshen wata". Koyon cewa a'a cikin mutunci, ba tare da an ɓata zumunci ba, yana daga cikin aikin. Mai kunyar wannan, jarinsa a hannun mutane yake ƙarewa.

Haka nan neman kasuwa ba a barinsa sai kaji sun girma. Tun suna mako uku ka je wajen mai gashin kaji, mai gidan abinci, dillalan kasuwa, ka ji nauyin da suke so da ranar da za su ɗauka. Mai kifi ya san tun farko ko ɗanye zai sayar ko banda zai yi, domin masu banda sun fi son matsakaici, ba sai ka ciyar har kilo ba.

Idan aka kwashe kaji, kafin ka taɓa ribar, zauna da littafinka ka rufe zubin. Nawa aka zuba, nawa suka mutu kuma a wane mako, buhu nawa aka ci, kilo nawa aka sayar, wa ya biya, wa ake bi. Raba kilon abinci da kilon kajin da suka fita: idan buroila ta haura kilo biyu na abinci a kan kowane kilo na nauyinta, akwai inda yake zurarewa, ko a mazubi, ko ɓeraye, ko ingancin abincin. Wannan shafin shi zai gaya maka ko lokacin tashi daga ɗari zuwa ɗari biyu ya yi. Kuma ranar da wani mai kuɗi zai nemi wanda zai riƙe masa gona, ko ka je neman rance, littafin zubi biyar a jere shi ne abin da za ka ajiye a kan tebur.