Injin Lantarki Cikin Motar Fetur: Ina Ribar Direban Matameye?

Duk wanda ya taɓa zama tashar motar Matameye ranar kasuwa ya san zancen direbobi ɗaya ne: kuɗin mai. In mai ya hau, kuɗin mota ya hau. In kuɗin mota ya hau, damin rake da buhun hatsi da kwandon tumatir da za a kai Damagaram su ma sun hau. Ashe rage shan man mota ya shafi manomi da ɗan kasuwa da mai ɗaukar albashi, ba masu mota kaɗai ba. Saboda haka, ƴan uwa masu karatu, yau za mu duba wata dabara: a ƙara wa motar fetur ƙaramin injin lantarki wanda zai riƙa taya ta aiki, domin ta rage shan mai.

Abin da ya kawo zancen

Matameye tana bisa hanyar da ta taso daga Damagaram, ta biyo Takeita da Kance, ta wuce Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Shekara da shekaru motocin wannan yanki sun dogara ga man Najeriya mai araha, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa cikin kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Amma ran 29 ga watan Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya janye tallafin da gwamnati ke yi wa man fetur. Cikin ƴan kwanaki farashi ya ninka fiye da sau biyu, arahar ruwa-ruwa ta kau, jama'a suka koma gidajen mai.

Ƙasarmu tana da matatar mai ta Soraz, arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamba 2011, mai iya tace ganga 20,000 a yini. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Amma masu saye sun ƙaru ƙwarai, har a watan Maris 2025 aka ga dogayen layukan motoci da babura a gidajen mai. Darasin a fili yake: ko man na gida ne, kowace lita abar tattali ce.

Yadda dabarar take aiki

Injin fetur ɗan ɓarna ne. Cikin ƙarfin da ke cikin lita guda, abin da ke tura mota bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana zama zafi, ya fice ta salansa da tankin ruwa. Ɓarnar ta fi yawa wuri uku: lokacin da mota ke tsaye inji yana aiki, lokacin da take tashi daga tsayuwa, da lokacin da aka taka burki, domin gudun da aka saya da mai yakan ƙone a bakin taya.

Nan ne injin lantarki ke shigowa. In mota za ta tashi, shi ke taya injin mai turi. In ta tsaya, ana iya kashe injin mai, a tada shi nan da nan. In aka taka burki kuwa, injin lantarkin yana juyewa ya zama dinamo, ya tattara ƙarfin da zai salwanta, ya zuba shi cikin batir. Sai a lura: batir ba ya haifar da ƙarfi, ajiya kawai yake yi, kamar rumbu. Duk wanda ya ce muku zai ɗaura dinamo ga taya mota ta riƙa cajin kanta tana tafiya ba mai, ruɗin ku yake yi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Amurka, Victor Wouk, ya haɗa injin mai da injin lantarki cikin wata mota Buick Skylark. An gwada ta a 1974, amma hukuma ba ta ci gaba da tallafa masa ba. Sai a 1997 kamfanin Toyota na Japan ya fito da Prius, Honda kuma ya fito da Insight a 1999, wadda aka saka mata siririn injin lantarki mai ƙarfin doki 13 tsakanin inji da giya.

Mu yi lissafi

Motoci na zamani masu ƙaramin mataimaki irin wannan sukan rage shan mai da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, galibi cikin gari, inda tsayawa da tashi suke da yawa. Mu ɗauka wani direba yana shan lita 10 a yini. In ya rage kashi 10 cikin 100, ya tsira da lita guda, watau kusan dala ɗari bisa farashin 2024. In ya yi aiki kwana 300 a shekara, ribarsa ta kama jika 150. Kuɗi ne, amma daga cikinsu za a biya inji da batir da na'urar da ke daidaita su da ladan makanike, kuma batir yana tsufa, wata rana sai an sake shi.

To, direban da ke jigila tsakanin Matameye da Damagaram ko wannan ribar ba zai gani cikakka ba. In ya hau kwalta, tafiya ce miƙaƙƙa. Burki kaɗan yake takawa, batir ba ya samun abin tarawa, sai ya zama ƙarin kaya bisa motar da dama an cika ta maƙil. Wanda ke bin hanyoyin rairayi zuwa kasuwannin ƙauye shi ma haka: rairayi ke tsayar da motarsa, ba burki ba.

Akwai kuma wasu matsaloli. Motocin da aka ƙera da inji biyu tun daga masana'anta suna da kwamfuta mai raba aiki tsakaninsu. Tsohuwar motar tasha ba ta da ita. Batir ba ya shiri da zafi, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe kafofin iska. Sa'an nan batirin mota da muka sani bolt 12 ne, na Prius kuwa ya haura 200. Irin wannan wuta tana kisa in hannun da bai koya ba ya taɓa ta.

Inda ribar take

Wannan ba ya nufin a juya wa lantarki baya. Ribarsa tana ga ƙananan abubuwan hawa masu zagaye cikin gari: taksi, adaidaita-sahu da kabu-kabu, waɗanda tafiyarsu gajera ce, tsayawarsu da yawa. A Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin haya, ya maye gurbinsa da injin lantarki da batir. A Sakkwato an buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Rana kuwa ba mu rasa ta ba, kuma yanke wutar Najeriya da aka yi mana a watan Agusta 2023 ya nuna amfanin dogara gare ta.

Ga magabata, aiki biyu ne ke gaba. Na farko, a shigar da ilimin lantarkin mota cikin cibiyoyin koyon sana'a, domin motoci masu inji biyu suna ƙaruwa cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga ƙetare, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a kafa ƙa'ida. Faransa ta yi haka a 2020: ta yarda a juya tsohuwar mota zuwa lantarki, amma sai da kayan da hukuma ta gwada ta amince da su.

Ga direba kuwa, kafin ya ci bashi ya sayi batir, akwai ragin da ke hannunsa yau: ya cika iskar taya daidai, ya share matatar iska ta inji, ya sake buji in sun gaji, ya rage lodi da gudu, ya kashe inji in yana jiran fasinja. Waɗannan ba su cin kuɗi da yawa, kuma zai ga amfaninsu tun a makon farko. Wanda aka kawo wa tallar injin lantarki, ya tambayi abu uku: nawa ne kuɗinsa, lita nawa zai rage a irin hanyar da nake bi, wa zai gyara shi in ya lalace? In amsa ta gamsar da shi, Allah ya sa albarka. In ba ta gamsar ba, ya riƙe kuɗinsa.