Daga Tuwon Ƙasa Zuwa Girkin Waya

A ƙauyukan Dutse da Kiyawa yara mata sun saba da wasan tuwon ƙasa. Gwangwani ne tukunya, ganye ne miya. A nan suke fara koyon rabon abinci, kowa da malmalarsa.

Yanzu wasan ya shiga waya. Tun da aka fito da Cooking Mama a Japan a 2006, irinsa suka yawaita. Yaro yana yanka albasa da yatsa a kan gilashi, ba hawaye, ba hayaƙi.

Wasan yakan koya wa yaro bin tsari, amma ba ya koya wa hannu talge da tuƙi. Iyaye, ku riƙa miƙa wa yaranku muciya, maza da mata. Ran da uwa ta kwanta ciwo, wa zai ciyar da gida?