Sai Bayan Shekara 16 Ta Iya Buɗe Baki

Uwargida, sau da yawa yarinyar da aka ci zarafinta ba ta iya faɗa sai ta girma, wata ma sai ta yi aure ta haihu. To, a lokacin akwai sauran haƙƙin da za ta nema? Abin da ya faru a Amurka ya nuna akwai.

A shekarar 2000 Rachael Denhollander tana da shekara 15, aka kai ta wurin Larry Nassar, likitan 'yan wasan tsalle-tsalle a Jami'ar Jihar Michigan. Da sunan magani ya riƙa yi mata lalata, alhali mahaifiyarta tana zaune a ɗakin, domin yakan tsaya ta yadda zai kare mata gani. Sai a 2016 Rachael ta fito fili. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: a Janairun 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban alƙali suka faɗi abin da ya yi musu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175.

Amma matan ba su tsaya nan ba, sun shigar da ƙarar neman diyya. Bambancinta da shari'ar laifi shi ne, wadda aka zalunta ce ke kai ƙara da kanta, kuma tana iya haɗawa da hukumar da ta kau da kai. Wasu sun shaida cewa tun 1997 suka kai kuka, aka ce musu ba su fahimci aikin likita ba ne. A 2018 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 500, a 2021 kuma hukumomin wasan suka amince da dala miliyan 380.

Babban cikas ga irin wannan ƙara shi ne wa'adi, domin kafin mace ta samu ƙarfin hali lokacin da doka ta ba ta ya wuce. Shi ya sa a 2019 jihar New York ta ƙara wa'adin har mutum ya kai shekara 55.

Kuɗi ba ya mayar da ƙuruciyar da aka ɓata, amma yana biyan magani, yana kuma tilasta wa hukumomi su daina rufa-rufa. Mu iyaye mata, darasinmu shi ne: idan yaro, mace ko namiji, ya ce wani ya taɓa shi, komai girman mutumin, kada mu ce ya yi shiru don gudun abin kunya. Mu saurare shi tun yau. Allah Ya kare mana zuri'a.