Rumbu cike, mai rumbu ya tafi

Ƴan kasuwa, manyanmu ba su manta gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982 ba, balle karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Maƙwabtanmu Kirista na da misalin Yesu kan wannan, cikin Linjilar Luka, sura 12. Gonar wani attajiri ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, ya miƙe ƙafa ya ci shekaru. Daren nan aka karɓi ransa. Fastocinsu na cewa yawan hatsin ba laifi ba ne. Lissafinsa ne babu Allah ciki, babu mayunwaci ko ɗaya.

Mu kam, sai muka tuna masu cika mangaza da gero tun kaka, suna jiran tsadar damina.