Langar Zamani: Yadda Ake Shiga Wasan Harbi na Ƙungiya a Kudancin Kano

Daga cikin wasannin na'ura da suka shigo hannun matasa ta hanyar wayar salula, akwai wani rukuni da ake kira wasan harbi na dabara, wanda ƙungiyoyi biyu ke karawa a cikinsa, kowace da mutum huɗu ko biyar, a wani ƙaramin fili mai lunguna da ƙofofi da ake kira taswira. Abin da ya raba shi da sauran wasannin bindiga shi ne rai ɗaya kowane ɗan wasa ke da shi a zagaye guda, wanda aka kayar kuwa sai ya koma ɗan kallo har a fara sabon zagaye, kuma a yawancinsu nasara ba ta rataya ga yawan mutanen da aka harbe kaɗai ba, ta rataya ga cika wani aiki: ƙungiya ɗaya ta kai wata na'ura mai fashewa wurin da aka keɓe ta dasa, ɗayar ta hana ko ta kwance ta kafin lokaci ya cika. Duk wanda ya yi langa a dandali ya riga ya san ƙashin bayan wannan tsari, domin a can ma ruwa ne ake so ya isa gida, dawaki kuwa aikinsu su buɗe masa hanya su tare abokan gaba, kuma dokin da ya shagala da kayar da mutane ya bar ruwa a baya ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa komai ƙarfinsa.

Tushen wannan rukuni shi ne Counter-Strike, wanda wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙirƙira a 1999 ta hanyar sauya fasalin wani wasa mai suna Half-Life, kafin kamfanin Valve na Amurka ya saye shi ya fitar da shi kasuwa a 2000. Sabon samfurinsa, Counter-Strike 2, ya fito a watan Satumba na 2023. A kan sawunsa Rainbow Six Siege na kamfanin Ubisoft ya zo a 2015, sannan Valorant na Riot Games a 2020. Sai dai waɗannan a kwamfuta mai ƙarfi suka yi suna, wadda ke buƙatar wutar lantarki tsayayya da intanet marar yankewa, abubuwa biyu da mazaunin Kiru ko Tudun Wada ba zai yi alkawarin samu ba ko da yana da kuɗin sayen kwamfutar. Saboda haka ƙofar shiga a wannan yanki ita ce waya, musamman irin su Tecno da Infinix da ake sayowa daga kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a birnin Kano. Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017 kuma aka tsara shi don ya yi aiki a ƙananan wayoyi, yana da sashen da ake kira Clash Squad, inda ake karawa huɗu da huɗu, a sayi makamai a farkon kowane zagaye, ƙungiyar da ta riga cin zagaye huɗu ta yi nasara. Call of Duty: Mobile, wanda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2019, yana da sashen Search and Destroy na biyar da biyar, wanda ya ɗauko tsarin dasawa da kwancewa kusan yadda yake, amma yana son waya mai yalwar ma'adana. Mai farawa zai fi amfana idan ya zaɓi wasan da wayarsa ke ɗauka ba tare da sarƙewa ba, ko da ba shi ne abokansa suka fi yabawa ba, kuma ya rage kyawun hoto zuwa mafi ƙanƙanta, tun da hoto mai gudana sumul ya fi hoto mai kyau da ke tsalle.

Kafin a kai ga batun iya harbi, akwai abin da ya fi ƙarfin yatsun ɗan wasa, wato jinkirin saƙo, wanda masu wasa ke kira fing, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Duk lokacin da mutum ya danna harbi, saƙon sai ya tafi babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, ita ce ke yanke hukuncin wanda ya riga wani, sannan ta maido da amsa. Haske a cikin wayar gilashi da ke ɗauke da intanet yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Kano zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa, akwai wajen kilomita 1,000, wayar MainOne da aka kammala a 2010 kuwa tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Lissafin zuwa da dawowa ya nuna cewa idan sabar tana Turai, saƙon ɗan Bebeji ba zai yi ƙasa da milisakan 80 ba ko da komai yana tafiya daidai, kafin a ƙara jinkirin da ke tsakanin wayarsa da dogon ƙarfen sabis, alhali abokin karawarsa da ke kusa da sabar yana iya samun ƙasa da 30. Shi ya sa ɗan wasa kan ga ya riga ya shige bayan bango amma aka kayar da shi, ya ɗauka maguɗi aka yi masa, alhali a wurin sabar bai kai bangon ba tukuna. Kamfanin MTN ya fara sabis na 5G a 2022 kuma birnin Kano na cikin garuruwan farko, amma ƙarfin sabis yana raguwa yayin da aka bar babban titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora aka nufi dajin Falgore da tsaunukan Riruwai a Doguwa. Maganin da ke hannun mai farawa shi ne ya zaɓi saba mafi kusa idan wasan ya ba da dama, ya san wurin zama da lokacin da sabis ya fi ƙarfi a unguwarsa, kuma ya fahimci cewa mai jinkirin saƙo ya fi cin riba idan shi ya leƙo ya yi harbi, a kan ya tsaya cak yana jiran a leƙo masa. Wasan kansa ba ya cin data da yawa. Sabunta manhaja ce ke lashe gigabait, abin da ya ƙara nauyi tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025.

Shi kuwa harbi, sirrinsa ya fi sauƙi a kan yadda ake zato. Sabon shiga yakan riƙa tafiya bakin bindigarsa na kallon ƙasa, sai ya ga abokin gaba sannan ya fara ɗagowa, gwani kuwa yakan ajiye alamar saiti daidai tsayin kan mutum a gefen bangon da yake tsammanin za a ɓullo, ta yadda idan aka ɓullo abin da ya rage masa dannawa ce kawai. A Counter-Strike da Valorant harsashin mai gudu ba ya tafiya inda aka saita, dole sai an tsaya, kuma bindiga tana yin sama idan aka riƙe kunamarta, don haka ake koyon sakin harsashi biyu ko uku a tsaya. A waya akwai ƙarin aikin tsara maɓallai a fuskar allo. Mafi yawa da manyan yatsu biyu suke farawa, daga baya su koma uku ko huɗu domin su iya tafiya da saiti da harbi lokaci guda. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kwaikwayon saitin wani gwani da aka gani a YouTube ana sauyawa duk mako, alhali hannu ba ya sabawa da abin da bai zauna ba. Kunne ma makami ne: takun ƙafa da ƙarar sauya harsashi suna tona inda mutum yake, don haka abin sawa a kunne mai waya, ko da na 'yan kuɗi kaɗan ne, ya fi wa mai farawa amfani a kan kowace irin kwalliyar bindiga da zai saya.

Inda wasan ya fi zurfi, kuma inda masu farawa suka fi sakaci, shi ne asusun ƙungiya. A Counter-Strike kowa yana farawa da dala 800 ta cikin wasa, wadda ba ta wuce sayen ƙaramar bindiga ko rigar sulke ba, alhali bindigar AK-47 dala 2,700 ce, sulke da kwalkwali 1,000, babbar bindigar maharba mai suna AWP kuwa 4,750. Ƙungiyar da ta ci zagaye tana samun fiye da dala 3,000 kowane mutum, wadda ta faɗi kuwa ana ba ta diyya daga 1,400 da ke ƙaruwa har 3,400 idan faɗuwar ta jeru, wanda ya tsira da ransa kuma yana riƙe da makaminsa zuwa zagaye na gaba. Daga nan ne hikimar ta fito: idan mutum biyu suna da kuɗin manyan bindigogi uku ba su da shi, ya fi kyau duka biyar ɗin su haƙura su yi zagayen tsimi, su yarda da yiwuwar faɗuwa, domin su shiga na gaba da cikakken shiri, maimakon kowa ya kashe ɗan abin da ke hannunsa su yi ta faɗuwa rabi da rabi. Manomin shinkafa da ke noman rani da ruwan madatsar Tiga, wanda ya san bambancin sayar da amfani ranar girbi da ajiye shi har farashi ya tashi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan. Ana buga zagaye 12 a sauya ɓangare, wanda ya riga kai 13 ya ci, don haka zagaye ɗaya da aka sadaukar da gangan ba asara ba ne.

Bayan asusu sai magana. Kowace taswira tana da sunayen wurare da ake amfani da su wajen ba da rahoto, kuma rahoto mai amfani gajere ne: mutum nawa aka gani, a ina, da wane makami, ina suka nufa. Wanda aka kayar ya faɗi wannan ya yi shiru ya taimaki ƙungiyarsa. Wanda ya cika kunnen 'yan uwansa da ƙorafi da umarni ya toshe musu jin takun abokan gaba. Haka kuma ana tafiya ne biyu biyu, ta yadda idan aka kayar da na gaba na bayansa zai rama nan take kafin maharbin ya gyara tsayuwa, kuma ana raba aiki: akwai mai shiga gaba, da mai jefa hayaƙi ko gurnetin kashe ido don rufe hanya, da mai tsaron baya, da jagora guda da ake bin maganarsa ko da an ga kamar ya yi kuskure, domin shiri mai rauni da mutum biyar suka bi ya fi shiri biyar masu kyau da kowa ya kama nasa. A wannan fanni matasan ƙananan garuruwa suna da wata riba da ba kasafai suke lura da ita ba. Ɗan wasan babban birni sau da yawa da baƙin da na'ura ta haɗa shi da su yake wasa, su kuwa abokai huɗu da ke zaune a benci ɗaya a shagon mai caji, wayoyinsu a jone saboda wutar KEDCO ta ɗauke tun safe, suna jin juna baki da baki ba tare da jinkiri ba, kuma suna iya laƙaba wa lungunan taswira sunayen Hausa, wannan kan soro, wancan bayan tanki, su riƙa fahimtar juna da kalma ɗaya.

Akwai matakin gasa mai daraja, inda ake ƙara wa mutum maki ko a rage gwargwadon nasara, kuma bai kamata a yi gaggawar shigarsa ba sai an san taswira biyu ko uku kamar tafin hannu. A wannan mataki fita a tsakiyar wasa laifi ne da ake hukuntawa da rage maki ko dakatarwa, kuma yana barin sauran cikin ƙarancin mutum, don haka wanda ya ga batirinsa ya yi ƙasa, ko ya san an kusa kiran sallah, bai dace ya fara ba. Karawar Clash Squad takan ƙare cikin kimanin minti goma, ta Counter-Strike kuwa takan wuce rabin sa'a.

Batun kuɗi na gaske yana buƙatar a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Gaskiya ne cewa gasar wasannin na'ura ta duniya da aka yi a Riyad ta Saudiyya a 2024 ta raba kyautar da ta haura dala miliyan 60, kuma ƙungiyar Team Falcons ta ƙasar ce ta zo ta ɗaya a jimlar maki, amma masu cin abinci da wannan sana'a 'yan ƙalilan ne ƙwarai idan aka kwatanta da miliyoyin masu bugawa, kuma yawancin gasannin Nijeriya a Legas ake shirya su. Abin da ya fi kusa da aljihun ɗan Doguwa shi ne kuɗin da ke fita: wasannin kyauta ne wajen saukewa, amma suna sayar da lu'ulu'u da tufafi na cikin wasa da akwatunan sa'a, waɗanda ake biya ba tare da sanin abin da zai fito ba, har ƙasar Beljiyam ta sanya irinsu a sahun caca a 2018. Masu alkawarin lu'ulu'u kyauta a madadin lambar sirri ɓarayin asusu ne, manhajojin maguɗi kuwa sukan jawo a rufe asusun mutum har abada. Iyaye ma suna da abin dubawa, tun da a Amurka an ware Counter-Strike ga 'yan shekara 17 zuwa sama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kamuwa da wasan na'ura cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a watan Janairu na 2022, inda ma'aunin ba yawan sa'o'i kaɗai ba ne, sai a ga wasan ya ture karatu da gona da barci har tsawon kimanin shekara, mai shi kuma ya kasa dainawa duk da yana ganin ɓarnar.