Sallama, Kora da Ajiye Aiki a Dokar Ƙwadago ta Gana: Misali daga Tishigu

1.0 Gabatarwa

Tishigu unguwa ce a cikin Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Gana. Akasarin mutanen birnin Dagwamba ne, amma ana jin Hausa a zango da kasuwa da tashar mota. Da yawa daga cikin masu aikin albashi a irin wannan unguwa a ƙananan wurare suke aiki: makarantu masu zaman kansu, shagunan magani, gidajen mai, gidajen burodi da wuraren gini. A nan sau da yawa da baki ake ɗaukar mutum, da baki kuma ake rabuwa da shi.

A maganar yau da kullum akan ce “an sallame shi”, ko “an kore shi”, ko “ya bar aiki”, ba tare da an damu da bambancinsu ba. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa a wajen doka waɗannan kalmomi uku ba ɗaya ba ne, kuma haƙƙin ma'aikaci yakan dogara ga wadda ta dace da abin da ya same shi. An yi amfani da kalmar ubangida da ma'anar duk wanda ya ɗauki wani aiki don lada, mutum ne ko kamfani.

2.0 Dokar da Ake Magana a Kanta

Majalisar Dokokin Gana ta zartar da Dokar Ƙwadago mai lamba 651 a shekarar 2003, zamanin Shugaba John Kufuor. Ta maye gurbin tsofaffin dokoki, ciki har da ta 1965 da ta 1967. Ta shafi ma'aikatan gwamnati da na 'yan kasuwa, ban da sojoji da 'yan sanda da gandirobobi da jami'an leƙen asiri. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ke sauraron ƙorafin ma'aikata.

3.0 Nauyin da ke Kan Ubangida

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan ya hau kan ma'aikaci, amma shi ma wanda ya ci gumin wani akwai abin da ya hau kansa.

Na farko shi ne rubutu. Idan aikin zai kai wata 6 ko fiye, dole yarjejeniya ta kasance a rubuce, kuma cikin wata 2 da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa. Na biyu shi ne albashi a kan lokaci. An hana ubangida cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke masa albashi. Akwai kuma mafi ƙarancin lada na yini, wanda ake sake dubawa a kai a kai. A 2024 sidi 18.15 ne. Na uku shi ne hutu: awa 8 a yini ko awa 40 a mako shi ne ƙa'idar aiki, hutun shekara ba ya gaza ranakun aiki 15 da cikakken albashi, hutun haihuwa kuwa aƙalla mako 12 ne. Na huɗu shi ne kiyaye lafiya. Kayan kariya irin su hular kwano da safar hannu ubangida ne zai bayar kyauta, in kuma haɗari ya auku sai ya sanar da ofishin ƙwadago cikin kwana 7.

Ban da waɗannan, dokar fansho ta 2008 ta wajabta wa ubangida ya zuba kashi 13 cikin 100 na albashin ma'aikaci, a haɗa da kashi 5.5 da ake cira daga albashin, don tanadin tsufa.

4.0 Sallama

Sallama ita ce kawo ƙarshen yarjejeniya ta hanyar ba da notis. Sashe na 17 ya tsara wa'adin kamar haka:

(a) yarjejeniyar shekara 3 ko fiye: notis na wata 1, ko albashin wata 1 a madadinsa;
(b) yarjejeniyar da ba ta kai shekara 3 ba: notis na mako 2, ko albashin mako 2;
(c) yarjejeniyar mako-mako: notis na kwana 7.

Dole notis ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi tana cikin lissafi. A ɗauka, alal misali, akwai mai gadi a wani gidan mai da ke karɓar sidi 1,200 a wata bisa yarjejeniyar shekara 3. Idan maigidansa ya ce masa, “Malam, daga gobe ka huta,” to yana bin sa sidi 1,200, ban da albashin kwanakin da ya riga ya yi da haƙƙin hutunsa da bai ci ba.

Idan kuwa rage ma'aikata za a yi saboda sauya tsarin aiki, sai a sanar da Babban Jami'in Ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata 3 kafin lokacin. Wanda ya rasa aiki don an rufe wurin ko an haɗe shi da wani yana da kuɗin sallama. Doka ba ta yanke yawansa ba, ta bar shi ga ciniki tsakanin ɓangarorin biyu.

5.0 Kora

Kora horo ce a kan laifi, kamar sata ko zamba, kuma in laifin ya yi girma ana iya yin ta nan take ba notis. Kotun Ƙoli ta Gana, a hukuncinta na 2021 kan ƙarar wani ma'aikacin banki, ta jaddada cewa kora daban, sallama daban. Amma zargi kaɗai bai isa ba. Laifin da aka tabbatar doka take nufi, don haka ya kamata a ji ta bakin wanda ake zargi.

Sashe na 63 ya jera dalilan da in su kaɗai ne suka sa aka raba mutum da aikinsa, to an zalunce shi. Daga cikinsu akwai shiga ƙungiyar ƙwadago, da kai ƙarar ubangida, da bambancin jinsi ko ƙabila ko addini ko siyasa, da juna biyu, da naƙasa, da rashin lafiya na ɗan lokaci wanda likita ya shaida. Saboda haka mai shagon da ya ce wa mai jiran kantinsa, “Ƙanwata, tunda kin sami ciki sai ki zauna gida,” ya taka doka, ko da ya faɗa da lallashi. Wani muhimmin abu shi ne, ubangida ne zai nuna cewa dalilinsa na gaskiya ne, ko kuwa ya bi hanyar da ta dace.

6.0 Ajiye Aiki

Ma'aikaci yana da ikon ajiye aiki, wato abin da ake kira murabus idan mai babban muƙami ne. Sai dai wa'adin nan na sashe na 17 ya hau kansa shi ma. Malamar makarantar da ta ɓace rana tsaka don ta sami wani aiki, ba tare da notis ba, makarantar ce ke bin ta bashi.

Amma ba duk wanda ya rubuta takardar ajiye aiki ba ne ya tafi don kansa. Wani ubangida ba ya korar mutum, sai dai ya yi ta ƙuntata masa har ya gaji ya tafi. Doka ta toshe wannan kafa. Idan ma'aikaci ya bar aiki saboda musgunawar ubangida, ko saboda ya sha kai kukan ana matsa masa da neman lalata ba a yi komai ba, to ana ɗaukar sa a matsayin wanda aka raba da aikinsa bisa zalunci. Abin dubawa shi ne dalilin tafiya, ba wanda ya fara furta ta ba.

7.0 Inda Ake Kai Kuka

Wanda aka zalunta yana iya kai ƙorafi ga Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Idan ta ga yana da gaskiya, tana iya sa a mayar da shi kan aikinsa, ko a ba shi makamancinsa, ko a biya shi diyya. Wannan kariya ba ta shafi wanda ke lokacin gwaji ba, da wanda aka ɗauka don wani ƙayyadadden aiki ko wa'adi, da leburan da ake ɗauka jifa-jifa. Duk da haka, ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere wajen ubangida ɗaya ya zama kamar na dindindin.

8.0 Kammalawa

An ga yadda sallama ke tafiya da notis, kora ke buƙatar tabbataccen laifi, ajiye aiki kuma ke iya zama kora a ɓoye. A wuri irin Tishigu, inda ubangida kan zama maƙwabci ko ɗan'uwa, kunya takan hana mutum neman takarda, kuma dattawa ne suka fi sasanta rigima. Sulhu alheri ne, amma ya fi tsafta idan kowa ya san abin da doka ta ba shi kafin a zauna. Ranar rabuwa, takardar ɗaukar aiki da shaidar biyan albashi su ne ke raba gardama.